Giwan Ruwa da Haƙurin Kabawa

A ƙasar Kabi, idan tsofaffin masunta suka zauna bayan la'asar suna ɗinkin koma, akwai labarin da kusan kowannensu yake da nasa: ranar da ya fara kama babban kifi. Labaran sukan yi kama da juna. Yaro ne ɗan shekara goma ko sha biyu, ya ƙoshi da ƙananan karfasa da ƙurungun bakin gaɓa, sai aka yarje masa ya bi manya ranar su. Ya kifa cikinsa a kan gora, ya tura homa cikin ruwan da ɗaruruwan ƙafafu suka dama, can sai ya ji wani nauyi ya fizge shi har ya sha ruwa. Ya ƙwala ihu, wani kawu ya kawo ɗauki, aka zura wa kifin igiya ta baki, aka ja shi tudu. Da aka isa gida kaka ta rangaɗa guɗa, daga ranar kuma aka daina aikensa ɗebo gora, aka fara shawara da shi.

Mai ba da labarin yakan tsaya ne a kan ƙarfin damtsensa da tsawon numfashinsa. Akwai wani abu da ba kasafai yake ambata ba. Giwan ruwan da ya kai nauyin yaro, mai yiwuwa sa'ansa ne a shekaru. Kifi ne mai cin 'yan'uwansa kifaye, yana son ruwa mai zurfi da tsabta, yakan yi kamar shekara 3 kafin ya isa haihuwa, kuma sai ya ƙara wasu shekaru masu yawa kafin ya zama abin da mutum biyu za su ɗauka. Ke nan kowane babban kifi shaida ne cewa an yi shekaru ana ganinsa ana ƙyale shi. Tarihin Argungu, ta wannan fuska, tarihi ne na yadda al'umma ta koyi ƙyale ruwa, da yadda wannan haƙuri ya zama mata jari a ranar da take buƙatar sulhu.

Daular da fadama ta raina

Gulbin Kabi, wato kogin da ke ɗauke da ruwan Rima da na Sakkwato zuwa Kwara, ba ya tafiya a hanya guda. Da damina yakan bazu cikin fadama mai faɗin gaske, da rani ya janye ya bar rassa da tafkuna. Wannan shiga da fita ita ta ba Kabawa shinkafa da kifi da makiyaya, ita kuma ta ba su garkuwa, domin mayaƙin doki ba ya sakewa a inda ƙasa ke nutsewa.

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya mai da wannan yanki daula. Ya kasance cikin rundunar Askiya Muhammadu na Songhai, suka saɓa bayan yaƙin Agadas wajen 1516, ya ɓalle, kuma rundunar da aka aiko ta kasa mai da shi. Ya kafa birninsa a Surame, wanda har yau kufan ganuwarsa ta duwatsu yana nan. Ruwayoyin baka suna cewa yana da wani katafaren jirgin ruwa da yake zagaya ƙasarsa da shi lokacin ambaliya. Ko da an yi ƙari a labarin, ya nuna yadda mutanensa suke tuna shi: sarkin da ikonsa ya haɗa tudu da ruwa. A gefen Kwara kuma akwai Sarkawa, jikokin Sorko masuntan Songhai, waɗanda suka cuɗanya da Kabawa har suka ɗauki Hausa, suka bi kifi zuwa Yawuri da Binuwai da Tafkin Chadi.

Dokar ruwa

Al'ummar da abincinta ke cikin ruwa tilas ta yi wa ruwan doka. A Argungu dokar tana hannun masu sarauta na gado: Sarkin Ruwa, da Homa shugaban masunta. Su ke cewa an rufe wuri, su ke cewa an buɗe. Akwai gyaran ruwa, wato al'adun da ake yi kafin a shiga, akwai kuma fashin ruwa, ranar da ake ɗage hani kowa ya faɗa.

Asalin waɗannan al'adu ya girmi zuwan Musulunci yankin, kuma sun ƙunshi yanka da neman yardar iskokin ruwa, abin da malamai suka daɗe suna suka, har da yawa daga cikinsu suka sauya kama ko suka shuɗe. Amma a ƙarƙashin al'adar akwai lissafin da duk masanin kifi na yau zai amince da shi. Da ambaliya kifi yakan fita fadama ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma cikin ciyawa inda abinci yake. Idan ruwa ya janye sai su tattaru a wurare masu zurfi, inda kama su ba wuya. Da za a bar kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, da a rani guda an share iri. Rufe wuraren nan shi ke ba ƙaramin kifi damar zama babba, buɗe su a rana guda kuma shi ke sa mai ƙarfi da marar ƙarfi su sami rabo tare.

Kayan aikin ma suna da nasu iyaka. Homa koma ce ta hannu da aka ɗaura a kan lanƙwasassun sanduna, mutum yakan riƙe ɗaya a kowane hannu ya haɗa bakinsu a kan kifi. Gora kuwa babbar ƙwarya ce mai ƙaramin baki: ita ce abin hawa, ita ce kuma ma'ajin abin da aka kama. Mai irin waɗannan kaya abin da hannunsa ya kai kawai zai ɗauka, saura ya tsere.

A cikin wannan tsari ɗan masunci yake tashi. Yakan iya iyo kusan lokacin da ya iya gudu. Daga nan sai lalube, kamun kifi da hannu tsura cikin laka da saiwoyi, inda yatsu ke koyon abin da ido ba ya gani: santsin tarwaɗa, ƙayar ƙurungu da ke huda tafin hannu, girgizar minjirya da ke kashe damtse na ɗan lokaci. Ana koya masa inda kada yake kwana, da wurin da ba a shiga ko da kifi na tsalle a gaban mutum. Kafin ya riƙe homa ya riga ya yi shekaru yana kallon ruwan da aka hana shi. Saboda haka babban kifinsa na farko sakamakon haƙuri biyu ne, nasa da na garinsu.

Ƙarni guda na gaba

Wannan zaman bakin ruwa ya ratsa zamani mai zafi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, wanda shi ne babban birnin Kabi a lokacin. Wani sashe na Kabawa ya yi mubaya'a, wani sashe ya ƙi. Masu ƙin suka tattaru a Argungu ƙarƙashin Karari, wanda aka kashe a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a fadar Sakkwato, da ya sami sarari ya sake ɗaga tuta a 1849, ya haɗa kai da Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Tun daga nan Argungu ta zama ƙaya a tsakanin Sakkwato da Gwandu. An sami sararawa a 1867 da yarjejeniyar da ake kira Lafiyar Toga, amma ba ta wuce 'yan shekaru ba. A zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya hau a 1883, hare-haren Kabawa sun kai maƙura.

Zuwan Turawa ya tsayar da yaƙin ba tare da ya wanke zukata ba. Sojojin Ingila sun sauka Argungu a 1902, daga can kuma wani sashe nasu ya nufi Sakkwato, wadda aka ci a watan Maris na 1903. Kowane ɓangare yana da abin tunawa mai ɗaci: garuruwan da aka ƙone, da 'yan'uwan da aka kama bayi. Shekara 30 bayan haka, tsofaffin da suka riƙe mashi a waɗancan yaƙe-yaƙe suna nan da ransu.

Baƙon 1934

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Jikan Shehu ne ya shigo garin da kakanninsa suka yi kusan ƙarni suna yaƙa, a matsayin baƙo. Abin da aka shirya don karrama shi shi ne gagarumin su, kuma daga wannan shekara ake ƙidaya tarihin bikin kamun kifi na Argungu.

Zaɓin yana da ma'ana ga mai lura. Hawan dawaki, wanda shi ne abin da masarautu suka saba tarbar manyan baƙi da shi, kwaikwayon yaƙi ne, da sukuwa da jinjina da ɗaga makamai. A tsakanin waɗannan gidaje biyu, doki da mashi suna iya tayar da tsohon miki. Su kuwa babu makami a cikinsa sai homa da gora, kuma abu ne da Kabawa suka fi kowa iyawa. Sun nuna wa baƙonsu ƙarfinsu ta hanyar da ba ta tsorata kowa, sun kuma ciyar da shi daga abin da ruwansu ya tara. Da a ce magabata ba su kiyaye dokar rufe ruwa ba, da ranar ba a sami abin nunawa ba.

Zuwan ma'auni

Sannu a hankali bikin ya bunƙasa. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, daga baya gwamnatoci suka karɓi ɗawainiyarsa, kuma bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya zama babban tambarin jihar. Aka ƙara baje kolin amfanin gona, da kokawa da dambe, da wasannin Kabanci irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da lalube. A ranar ƙarshe, cikin watan Fabrairu ko Maris, dubban masunta sukan jeru nesa da gaɓa, a buga bindiga, su kwasa a guje su faɗa Matan Fada. Cikin kamar sa'a guda an gama. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gadon ɗan'adam.

Tare da bunƙasar sai ma'auni ya shigo. A sun gargajiya kowa yana komawa gida da abin da ya samu, a raba wa dangi da maƙwabta, a kai wa masu sarauta nasu kason. A gasa kuwa kifi ɗaya ake nema, mutum ɗaya ke tafiya da mota ko kujerar Makka. A 2005 kifin da ya ci gasar ya kai kilo 75, a 2020 ya kai kilo 78. Inda kyauta ta yi girma kuma, kwaɗayi ba ya nisa. A 2008 an ƙwace nasarar wanda aka fara bayyanawa, bayan an gano cewa kifin nasa mataccen kifi ne da aka shigo da shi daga wani wuri. Kifi na ganinka mai jar koma: masuntan da suka tashi a bakin wannan ruwa ba sa kasa bambance kifin da ya mutu yanzu da wanda ya kwana.

Abin da ke sama da Argungu

Babbar barazanar ta taso ne daga inda ikon Sarkin Ruwa bai kai ba. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, a shekarun 1980 kuma aka gina ta Goronyo a kan Rima. An yi su ne don noman rani da ruwan sha, sun kuma yi amfani ta nan. Sai dai madatsa tana rage ambaliyar da kifi ke haihuwa a cikinta, kuma lokacin sakin ruwa ya koma hannun injiniya, ya bar hannun damina. Fari na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar 1980 ya ƙara tsananta lamarin, yashi na cike wurare masu zurfi, ga komar roba mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan yatsan kifi. A 2006 ƙarancin ruwa ya sa an hana shiga su a bikin. Daga baya rashin tsaro ya dakatar da bikin baki ɗaya na kimanin shekara 10, sai a 2020 aka dawo da shi.

Dokar gargajiya tana iya tsare Matan Fada daga hannun mutanen gari, kuma tana yi. Amma giwan ruwa ba a Matan Fada kaɗai yake rayuwa ba. Yana buƙatar fadamar da ƙananan kifayen da yake ci za su hayayyafa, da hanyar da zai bi tsakanin Gulbin Kabi da Kwara, da ruwa mai zurfi da zai yi rani a ciki. Waɗannan kuwa suna hannun hukumomin raya koguna, da ma'aikatun jihohi uku, da masu saye da sayar da koma. Tsarin da ya yi aiki lokacin da gari ɗaya ke iko da ruwansa yanzu sai an shimfiɗa shi a kan kogi gaba ɗaya: a saki ruwa daga madatsu a lokacin da kifi ke ƙwai, a tsayar da girman idon koma, a kuma mutunta watannin hani a duk tsawon gulbin.

A yau ma akwai yara a Argungu da ke koyon kwanciya a kan gora a bakin ruwa, suna jiran shekarar da za a ce su bi manya. Kifin da ɗayansu zai ba jikokinsa labari, idan zai samu, yanzu haka yana nan bai fi tafin hannu ba, a wata fadama tsakanin Goronyo da Kwara. Yana buƙatar kamar shekara goma da ba wanda zai taɓa shi.