Gidan Nasif na Jidda

Gidan Nasif, wanda Larabawa ke kira Baitu Nasif, tsohon gidan attajirai ne da ke kan titin kasuwar Alawi a unguwar Balad, tsohon garin Jidda na ƙasar Saudiyya. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 domin Shaihu Umar Nasif, babban ɗan kasuwa kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda. Yana da ɗakuna 106, kuma ana lissafa shi cikin gidajen da suka fi fito da fasahar ginin yankin Hijaz.

Asali

Tun zamanin Halifa Usman bin Affan Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka, ta nan alhazai da hajojin fatake ke sauka. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jirage masu tururi suka yawaita a Bahar Maliya, ciniki tsakanin Indiya da Masar da Turai ya bunƙasa. A wannan zamani, lokacin da Hijaz ke ƙarƙashin sarakunan Turkiyya, manyan 'yan kasuwar garin suka shiga gina dogayen benaye, na Nasif kuwa ya yi fice a cikinsu.

Tsarin gini

Kusan duk kayan aikin ta teku suka zo. An ɗora bango da dutsen murjani da ake sarowa a gaɓar Bahar Maliya. Dutse ne mara nauyi mai saurin marmashewa, don haka magina ke shimfiɗa katako a kwance tsakanin sahun duwatsun domin ya raba nauyi, sannan su shafe bangon da farar ƙasa saboda gishirin da ke cikin iska. Katako mai ƙwari kuwa jiragen fatake ke kawo wa Jidda daga Indiya da tsibirin Jawa.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne rawashin, wato tagogin katako da suka turo waje daga jikin bango, waɗanda masassaƙa suka yi wa ƙananan ramuka da zane iri-iri. Aikinsu ya wuce ado. Jidda gari ne mai zafi da gumi, rawashin na tare rana, suna barin iskar teku ta ratsa ɗakuna, suna kuma ba matan gida damar kallon titi ba tare da an gan su ba. A can ƙololuwar gidan akwai ɗakin shan iska mai tagogi ta kowane ɓangare.

Matakalar gidan mai faɗi ce, hawanta a kwance-kwance, har ana cewa an yi ta haka ne domin raƙumi ya iya kai kaya sama. A ƙarƙashin ginin akwai ma'ajiyar ruwan sama, domin ruwan sha abu ne mai tsada a Jiddar wancan lokaci. A ƙofar gida kuma akwai bishiyar darbejiya. Saboda ƙarancin itatuwa a garin, mutane suka riƙa kiransa gida mai bishiya, da ita ake kwatance.

Sarauta da ilimi

A watan Disamba na 1925, bayan Sarkin Hijaz Ali bin Husaini ya bar Jidda, Abdul'aziz Al Sa'ud, wanda daga baya ya kafa ƙasar Saudiyya, ya shiga garin ya sauka a wannan gida, inda ya riƙa ganawa da manyan gari da wakilan ƙasashen waje. Maigidan a lokacin shi ne jikan Umar, Shaihu Muhammad Nasif, malami mai son littattafai. Ya tara kimanin littattafai 16,000, zaurensa ya zama masaukin malamai masu wucewa aikin hajji. Bayan rasuwarsa a 1971, littattafan suka koma Jami'ar Sarki Abdul'aziz.

Halin da yake ciki

Bayan rushe ganuwar Jidda a 1947, iyalai da yawa suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni, tsofaffin gidaje suka fara lalacewa. Gwamnati ta sayi Gidan Nasif a 1975, aka gyara shi, daga baya ya zama gidan tarihi da cibiyar al'adu. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya. Ginin murjani da katako ba ya jure sakaci, saboda haka ɗorewar gidan ta dogara ne ga gyara a kai a kai, da kuma samun magina da masassaƙan da suka gaji wannan sana'a.