Dukiya da Mutunci a Sikelin Marubutan Amurka: Labarin Silas Lapham da Lily Bart



A shekarar 1865 yaƙin basasar Amurka ya ƙare. Ƙasar ta binne mutanenta sama da dubu 600, sannan ta duƙufa neman kuɗi ba ji ba gani. A 1869 aka haɗa layin dogo daga gabashinta zuwa yammacinta. A 1870 John D. Rockefeller ya kafa kamfanin mai na Standard Oil. Cornelius Vanderbilt, wanda ya soma da fito a ƙaramin jirgin ruwa, ya mutu a 1877 ya bar kimanin dala miliyan 100, kuma a cikin shekarar ce ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki don an zaftare musu albashi, har sojoji suka buɗe musu wuta. Mark Twain da abokinsa Charles Dudley Warner su suka raɗa wa zamanin suna a littafinsu na 1873, The Gilded Age, wato zamanin da aka yi wa shafen ruwan zinariya: ƙyalli a waje, tsatsa a ciki.

Labaran da talakawa suka fi karantawa a lokacin suna da darasi guda. Horatio Alger, alal misali, ya fitar da Ragged Dick a 1868, labarin yaro mai goge takalma wanda riƙon amana da sa'a suka fid da shi daga talauci. A irin waɗannan littattafai gaskiya da arziki tafiyarsu ɗaya. Sai wasu marubuta suka taso da niyyar rubuta rayuwa yadda take, ba ƙari ba ragi, suka kuma ɗauko tambayar da Alger ya kauce mata: ranar da gaskiya da arziki suka raba hanya, wanne mutum zai bi, kuma nawa zai biya?

Jagoransu shi ne William Dean Howells. An haife shi a 1837 a jihar Ohio, ya tashi yana jera haruffa a maɗaba'ar mahaifinsa, bai yi karatu mai zurfi ba. Tarihin Abraham Lincoln da ya rubuta lokacin zaɓen 1860 ya sa aka tura shi ƙaramin jakada a Venice ta Italiya. Daga 1871 zuwa 1881 shi ne editan mujallar Atlantic Monthly a Boston. Ke nan ya san ɗacin zama baƙo a tsakanin masu asali, kuma da wannan sani ya rubuta The Rise of Silas Lapham, wanda ya fito a 1885.

Silas Lapham ɗan manomi ne daga jihar Vermont. An tsinci ƙasar fenti a gonar mahaifinsa, shi kuwa ya mayar da ita kasuwanci har ya zama miloniya. Ya ƙaura Boston da matarsa Persis da 'ya'yansa mata biyu, ya soma gina katafaren gida a unguwar Back Bay don ya shiga sahun manya. Amma manyan Boston, irin gidan Corey da suka gaji arziki kaka da kakanni, ba kuɗi kaɗai suke dubawa ba. Ranar da suka gayyace shi liyafa, mutumin da ya yi kanar a fagen yaƙi ya rasa yadda zai yi da safar hannu, ya sa ko ya cire. Bai saba da giya ba, ya sha, bakinsa ya kwance, ya yi ta alfahari da kuɗinsa har ya kunyata kansa. Howells bai yi masa dariya ba. Ya nuna mana cewa shingen da ke tsakanin sabon arziki da tsoho da ƙananan al'adu ake gina shi, waɗanda ba a sayarwa a kasuwa.

Zuciyar littafin tana wani wuri dabam. A farkon kasuwancinsa Lapham ya ture abokin haɗin gwiwarsa, Rogers, daidai lokacin da riba ta kusa zuwa. Doka ba ta kama shi ba, amma matarsa ba ta daina tuna masa ba. Don ya wanke wannan tabo ya ba Rogers rance mai yawa, ya karɓi jinginar wasu injinan niƙa a yammacin ƙasar. Daga baya ya gano cewa kamfanin jirgin ƙasa ɗaya ne ke riƙe da hanyar wurin, kuma shi zai yanke wa injinan farashin da ya ga dama. Kasuwar fenti ta faɗi, masu gasa suka fito da mai araha, sabon gidan ya ƙone ƙurmus bayan inshorarsa ta ƙare da 'yan kwanaki.

Ana cikin haka Rogers ya kawo masa wasu wakilai daga Ingila da za su sayi injinan da tsada. Wakilan sun san komai. Waɗanda za a cuta su ne masu kuɗin da suka aiko su, suna can ƙetaren teku. Da Lapham ya yi turjiya, Rogers ya ce to ya sayar masa shi, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a babin ciniki ya san wannan mas'ala: ɓoye aibin haja, da neman wani ya ɗauki alhakin a madadinka. Lapham ya kwana yana kai da komo a ɗaki bai amince ba, da gari ya waye tayin kamfanin jirgin ƙasa ya iso, ƙofar ta rufe. Ya karye, ya biya bashin da ke kansa, ya koma gonar Vermont. Ɗaukakar da sunan littafin ke nufi a nan take, a ranar da ya rasa dukiyarsa.

Howells da kansa ya ɗanɗani irin wannan zaɓi. A 1887, bayan an yanke wa 'yan gwagwarmayar ma'aikata hukuncin kisa kan bam ɗin Haymarket na Chicago ba tare da hujja mai ƙarfi ba, ya rubuta wa jarida yana roƙon a yi musu sassauci. Jaridu suka yi masa ca, aka kuma rataye huɗu daga cikinsu a watan Nuwamba.

Bayan shekara 20 da fitowar Silas Lapham, Edith Wharton ta duba lamarin daga cikin gidan manya. An haife ta a 1862 a ɗaya daga tsoffin gidajen New York, inda wani mai tsara bukukuwa, Ward McAllister, ya taɓa cewa mutum 400 ne kawai suka isa a zauna da su. Littafinta The House of Mirth, wato gidan annashuwa, ya fito a 1905, aka buga sama da kofi dubu 100 cikin 'yan watanni.

Tauraruwarsa Lily Bart kyakkyawa ce mai shekara 29, 'yar asali amma marainiya, mahaifinta ya karye kafin ya mutu. Ba a koya mata wata sana'a ba sai ado da iya zama cikin manya, don haka jarinta ɗaya ne: ta auri attajiri. Zama cikin manya kuwa yana cin kuɗi, ga tufafi ga cacar karta. Mijin ƙawarta, Gus Trenor, ya ce zai juya mata 'yan kuɗinta a kasuwar hannun jari, ashe daga aljihunsa yake ba ta har dala dubu 9, yana jiran ta biya da mutuncinta. Wata matar aure, Bertha Dorset, ta yi mata ƙazafi don ta rufe nata asirin. Manya suka goyi bayan Bertha, don ita ke da kuɗi da gidan liyafa.

Alhali Lily tana riƙe da wasiƙun soyayyar da Bertha ta rubuta wa wani namiji. Attajiri Simon Rosedale ya faɗa mata ƙarara cewa in ta tsorata Bertha da su, martabarta za ta dawo, shi kuma zai aure ta. Lily ta sauko har ta zama ma'aikaciya a shagon ɗinkin hulunan mata, can ma aka sallame ta. Duk da haka ta jefa wasiƙun a wuta. Da gadon dala dubu 10 da gwaggonta ta bar mata ya iso, a daren ta rubuta takardar biyan Trenor kuɗinsa, ta sha maganin barci fiye da kima. Da safe gawarta aka tarar.

Idan muka jera littattafan biyu, za mu ga zaɓin ɗaya ne, kuɗin da aka biya ne ya bambanta. Lapham namiji ne mai gona da iyali da sana'a a hannu, ya faɗi ya sami inda ya dafa. Lily mace ce da aka rena don ƙawa, ta faɗi babu ƙasa a ƙarƙashinta. Wharton tana gaya mana cewa riƙon gaskiya ma ya fi sauƙi ga mai abin dogaro, kuma al'ummar da ke auna 'ya'yanta mata da farashin aure ita ke da kaso mafi girma a alhakin abin da ya same su. Theodore Dreiser ya wuce nan a Sister Carrie na 1900: yarinyar ƙauye ta zauna da maza biyu ba aure, ta zama tauraruwar wasan kwaikwayo, babu hukuncin da ya sauko mata, sai dai kuɗin bai ba ta natsuwa ba. Masu karatu da yawa na lokacin ba su yafe masa wannan ba.

Daga baya gwamnati ta taka wa manyan attajirai birki. A 1911 Kotun Ƙoli ta raba Standard Oil zuwa kamfanoni 34, a 1913 aka gyara tsarin mulki don karɓar harajin kuɗin shiga. Amma mu lura, babu kotun da ta tilasta wa Lapham ƙin cinikin nan, babu kuma ɗan sandan da ya sa Lily ta ƙona wasiƙun. Wurin da waɗannan marubuta suka kafa sikelinsu ke nan, inda alƙali ba ya shiga, kuma shi ya sa har yau ake karanta su a makarantun Amurka bayan an rushe yawancin gidajen da attajiran zamanin suka gina a babban titin New York.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.