Hasumiyar Shanya Tiyo

Tsohon ɗan kwana-kwanan ya daɗe da yin ritaya, ya koma Burumburum yana noman masara, har ranar da ɗan ƙanensa, sabon shiga aikin, ya zo gaishe shi da wata tambaya: "Baba, doguwar hasumiyar nan ta tsohon ofishinku, ta hangen gobara ce?" Dattijon ya ce wanda bai san amfanin hasumiya ba bai fara aikin ba tukuna.

Ta shanya tiyo ce. Tiyon da ya tarar lokacin da ya shiga aiki a Kano, zamanin mulkin Audu Baƙo, saƙar zare ce mai kauri, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi. In aka naɗe ta da danshi sai ta yi fumfuna ta ruɓe daga ciki, ba wanda zai sani sai ranar da ta fashe ana tsakiyar faɗa da wuta. Saboda haka in an dawo daga gobara, ko da ƙarfe ukun dare ne, ba mai kwanciya. A warware tiyon a tsakar gida, a goge da buroshi, a ja shi sama da igiya, ya rataya tsawonsa har ya bushe. Tsarin Turawan Ingila ne, irin wanda aka gada tun da aka kafa 'yan kwana-kwana a cikin 'yan sandan Legas a 1901, kafin dokar 1963 ta ba su hukumarsu ta tarayya.

Sauran ginin ma kowane lungu da dalilinsa. Faffaɗan ƙofofi na kallon titi, mota kuma da baya ake shigar da ita don ta fita kai tsaye. Ɗakin tsaro na bakin ƙofa, da wayar tarho da ƙararrawa da babban littafin da ake rubuta lokacin kira da lokacin fita.

Daga zancen littafin sai hira ta karkata kan ogansa, wani tsohon sojan yaƙin Bama da ba ya ɗaga murya. Shi da tafin hannu yake bin tiyo, ya shinshina, in ya ji warin danshi a sake wankewa tun daga farko. Ogan na matashi lokacin gobarar silimar El Duniya, ranar 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci mutum 331, kuma har ya bar aiki duk ginin da ya shiga sai ya fara ƙirga ƙofofinsa kafin ya zauna. Yaransa duka sun ɗauki wannan hali. Dattijon ko gidan biki ya je, ƙofa yake fara nema.

Tiyon yanzu na roba ne, a naɗe shi a jiƙe ba abin da zai same shi, kuma dattijon bai musa cewa ya fi sauƙi ba. Haushinsa shi ne, da aka daina shanya sai aka daina dubawa. Lokacin da kasuwar Sabon Gari ta ƙone a Maris ɗin 2016, a rediyo ya ji, ya kwana yana lissafin tiyo nawa za a haɗa kafin ruwa ya kai tsakiyar kasuwa.

Babban ƙorafinsa kuwa na gida ne. An gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ga ruwa jingim a ƙasar Bebeji, amma da hunturu, in wutar daji ta taso daga gefen Falgore ta kama kara da rumbuna, bokiti da ɗanyen ganye ne ke fara isa wurin. Shi ya sa duk kaka yake zagaya maƙwabta, yana sa su share ciyawa kewaye da rumbu, su kuma matsar da tarin kara nesa da madafa.