FAƊUWAR GANGAN: MUSUN DA MUKA YI A WUNTI DA ABIN DA TARIHI YA CE

Yau ina so in ɗan yi waiwaye a kan wani musu da muka kwashe kusan wata guda muna yi a cikin azumin 2023, a bayan shagon mahaifina da ke kusa da Kasuwar Wunti a nan Bauchi. Musun na ƙwallon kwando ne, amma in mai karatu ya yi haƙuri zai ga cewa ya taɓa abin da ya wuce ƙwallo.

Mu masu kallon gasar NBA ta Amurka a garin nan ba mu da yawa, domin kowa ya sani Bauchi garin ƙwallon ƙafa ne. Kuma wasannin nasu suna zuwa ne tsakar dare a agogonmu, wani ƙarfe 12, wani ƙarfe 3. Sai da azumi abin ya yi mana daidai, mu haɗa kuɗin mai mu tayar da janareto, mu kalla har lokacin sahur. Kusan dukkanmu magoya bayan Toronto Raptors ne, ba don mun san Kanada ba, sai don shugaban ƙungiyar a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi.

A waccan kakar Toronto ta tsaya a tsakiya, ta ci 41 an ci ta 41. To daga nan muka rabu gida biyu. Gida na farko, wanda nake ciki, lissafinmu shi ne wa za mu so mu haɗu da shi a zagayen fitar da gwani. In mun ƙare na 8 a shiyyar gabas za mu faɗa hannun Milwaukee, in mun ƙare na 7 sai Boston. Kullum muna auna wanda zai fi mana sauƙi. Gida na biyu kuwa, wanda wani abokina tela ke jagoranta, cewa suke yi duk wannan wahalar banza ce. Gara ƙungiyar ta sayar da manyan 'yan wasanta, ta yi ta faɗuwa da gangan har ta koma can ƙasan teburi, ko Allah zai sa ta samu wani dogon yaro ɗan Faransa, Victor Wembanyama, wanda duniya ke ta zancensa.

Na san wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ce wannan wane irin hauka ne, mai goyon bayan ƙungiya ya riƙa yi mata addu'ar faɗuwa? Dalilin yana cikin tsarin gasar. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 82, kuma ba a korar kowa zuwa ƙaramin rukuni. Duk shekara akwai zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ake jera matasan da suka fito daga jami'o'i da ƙasashen waje, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka bi da bi. Waɗanda suka fi shan kashi su ake fara ba dama su zaɓa, don kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi. Niyyar mai kyau ce. Amma duk inda aka ce wanda ya faɗi shi za a ba kyauta, sai an samu wanda zai kwanta da kansa.

Abin da ya ba ni mamaki da na fara bin tarihin abin shi ne, ɗan Nijeriya ne sanadin canza dokar. Daga 1966 zuwa 1984, kwabo ake jefawa tsakanin ƙungiyoyi biyu da suka zo na ƙarshe a ɓangarorin gasar, wanda ya ci shi ne zai fara zaɓe. A 1983 Houston Rockets ta ci wasa 14 kacal, ta ci jefa kwabo, ta ɗauki Ralph Sampson. Da shekara ta zagayo sai ga wani saurayi haifaffen Legas yana tashe a Jami'ar Houston, wato Hakeem Olajuwon, wanda iyayensa ke sana'ar siminti. A ƙarshen kakar sai Rockets ta shiga zubar da wasanni ta yadda mutane da dama suka zarge ta da gangan take yi. Ta ƙare da cin 29, ta sake cin jefa kwabo, ta ɗauki Hakeem a matsayin na farko a 1984. Portland ta ɗauki Sam Bowie na biyu, Chicago ta ɗauki Michael Jordan na uku. Surutun da ya biyo baya ne ya sa a 1985 aka soke jefa kwabo aka kawo ƙuri'a, aka zuba sunayen ƙungiyoyi 7 a ambulan aka zaro. New York ta ci, ta ɗauki Patrick Ewing.

Da wannan labari tela yake rufe mana baki. Ya ce ku duba, Hakeem ya kawo wa Houston kofi a 1994, inda ya doke New York ɗin Ewing, ya sake kawo wani a 1995. Ya ƙara da San Antonio, wadda ta ci wasa 20 kawai a kakar 1996/97, ta samu Tim Duncan, ta ɗauki kofi 5 tsakanin 1999 da 2014. Gaskiya ne, ba mu da ta cewa.

Sai dai akwai abin da tela ba ya son a tuna masa. Shekara 10 Houston ta yi tana jira tsakanin ɗaukar Hakeem da kofin farko. Sannan a 1998 an sake ɗaukar wani haifaffen Legas a matsayin na farko, Michael Olowokandi, wanda Los Angeles Clippers ta zaɓa. Bai taɓuka abin da aka zata ba, alhali a wannan zaɓen Dirk Nowitzki shi ne na 9, Paul Pierce na 10, kuma kowannensu ya ɗauki kofi daga baya. Ga kuma Philadelphia, wadda daga 2013 ta mayar da faɗuwar gangan ta zama manufa a fili, har a kakar 2015/16 ta ci 10 aka ci ta 72. Ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru, amma har zuwa 2025 ba ta kai ko wasan ƙarshe na shiyyarta ba. Saboda irin wannan ne a 2019 aka rage garaɓasar, aka ce ƙungiyoyi uku na ƙarshe kowace kashi 14 cikin ɗari kawai take da shi na samun zaɓin farko. Mahaifina da ya ji muna wannan lissafi cewa ya yi, wannan ai cinikin biri a sama ne.

To mu fa, masu zaɓen abokin karawa? Mu ma tarihi ya ba mu ɗan abin riƙewa. A 2006 Clippers ta yi sanyin jiki a wasanninta na ƙarshe ta zauna ta 6 don ta haɗu da Denver, ta bar Memphis ta hau ta 5 ta haɗu da Dallas. Clippers ta fitar da Denver da 4 da 1, Memphis kuwa ko wasa ɗaya ba ta ci ba. Amma a zagaye na biyu Phoenix ta sallami Clippers ɗin. Wayon zagaye ɗaya ya saya mata, bai saya mata kofi ba.

Kofin Hakeem na 1995 shi ne ya fi kunyata lissafinmu. Houston ta shiga zagayen fitar da gwani tana ta 6, da cin 47. Babu wanda ta zaɓa, babu wanda ta kauce wa. Ta fitar da Utah mai cin 60, ta fitar da Phoenix mai 59, ta fitar da San Antonio mai 62, sannan ta share Orlando mai 57 da 4 da nema. A watan Fabrairun wannan shekarar Hakeem yana azumin Ramadan yana buga wasa, kuma shi aka ba gwarzon wata. Wanda zai ɗauki kofi sai ya bi ta kan kowa, ko da wa aka fara haɗa shi.

Yadda musunmu ya ƙare ban dariya ne. Ran 12 ga Afrilu 2023 Toronto ta buga wasan neman gurbi da Chicago. Ta ba da ratar maki 19, sannan ta zubar da 18 daga cikin jifa 36 da aka ba ta na keta, aka ci ta 109 da 105. Ba mu ga Milwaukee ba, ba mu ga Boston ba. Wembanyama kuma San Antonio ce ta same shi. Milwaukee ɗin da muke jin tsoro, Miami da ta shiga tana ta 8 ita ta fitar da ita, da Bam Adebayo da Gabe Vincent, dukkansu 'ya'yan 'yan Nijeriya, ta tafi har wasan ƙarshe. Wanda ya hana ta kofi shi ne Nikola Jokic na Denver, mutumin da sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a 2014.

Don a yi adalci, tela ya fi mu gaskiya a abu guda. Toronto ta ƙi sayarwa lokacin da kayanta ke da daraja, ta ƙi kuma saye da gaske. Daga baya Fred VanVleet ya tafi Houston, aka sayar da OG Anunoby a Disambar 2023, aka sayar da Pascal Siakam a Janairun 2024, ƙungiyar ta ci 25 kacal, kuma zaɓinta na 2024 ya tafi San Antonio saboda wani ciniki da ta yi tun farko. Masai da kansa ya bar ƙungiyar a watan Yunin 2025. Duk ɗan kasuwa ya san wannan ciwon, kayan da ka ƙi karyarwa yau, gobe sai ka roƙi a saya.

Amma da na natsu na sake duba kofin da Masai ya ɗauka a 2019, sai na ga babu ɗan wasa ko ɗaya a ƙungiyar da aka ɗauka cikin 14 na farko. Kawhi Leonard na 15 ne, Anunoby na 23, Siakam na 27, VanVleet ko zaɓarsa ba a yi ba. Haka Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Nijeriya da aka haifa a Girka, wanda ya yi tallar agogo da tabarau a titunan Atina, kuma sai da ya kai shekara 18 kafin ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Na 15 aka ɗauke shi a 2013, a 2021 ya zuba maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofi. Mu da iyayenmu suka zo garin nan fatauci daga Damagaram suka zauna, labarinsa yana taɓa mu ta wata fuska daban. Waɗannan duka ido ne ya gano su, haƙuri ya raine su.

A nan gida kuwa musun ma bai da wurin zama, domin babu mai ba wanda ya faɗi kyauta. A shekarun da DStv ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, Bauchi Nets tana rukunin Savannah tare da Kano Pillars da Gombe Bulls da Plateau Peaks da Niger Potters, huɗu na sama su tafi zagayen ƙungiyoyi takwas, na ƙasa kuma ya shiga cikin 'yan dagaji. Haka a ƙwallon ƙafa, Wikki Tourists ta faɗa ƙaramin rukuni a 2023, babu wanda ya miƙa mata matashi ko ɗaya, sai da ta yi gumi ta dawo a 2025. Ga kuma rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando da ya ɓarke a 2017, aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, gasar cikin gida ta daɗe tana tangal-tangal. Mu zaɓen matasanmu shi ne yaran da suke zuwa fili da yamma, wasu da silifa.

Zan rufe da laifin da na yi da hannuna. Bayan sallar wannan shekarar an shirya 'yar gasa tsakanin unguwanni, ni ke riƙe da yaran unguwarmu. A wasan ƙarshe na rukuni na lissafa cewa in mun ci za mu haɗu da wasu dogayen samari da kowa ke tsoro, in mun faɗi za mu samu masu sauƙi. Na tara yaran na ce su sassauta. Akwai wani yaro ɗan shekara 14, shi ya fi kowa hannu, ya kalle ni ya ce, "Yaya, wai da gangan zan riƙa zubarwa?" Na ce masa dabara ce, zai gane in ya girma. Muka faɗi, muka samu masu sauƙin muka ci su, muka je wasan ƙarshe muka tarar da dogayen nan suna jiranmu, suka yi mana dukan kawo wuƙa.

Ba kofin ne ya dame ni ba. Yaron nan ya daina zuwa fili, ya koma ƙwallon ƙafa. Sau biyu ina zuwa gidansu, a na biyun mahaifinsa ya ce mini, "Malam, yaro ya ce kun koya masa abin da ba shi ya je koya ba." Ban samu amsar da zan ba shi ba. A Amurka in ƙungiya ta faɗi da gangan tana iya samun Hakeem. Ni na faɗi da gangan na rasa wanda nake da shi.

Har yanzu muna haɗuwa a bayan shago in kaka ta zo ƙarshe, tela yana nan da lissafinsa, ni ma wani lokaci bakina yakan suɓuce in ce gara mu haɗu da wane. Amma yaran da nake riƙe da su yanzu, duk wanda aka haɗa mu da shi muna shiga ne mu buga iyakar ƙarfinmu. Yaron kuwa nakan hango shi a filin makarantarsu yana tsaron gida, ya ƙara tsawo sosai. An ce Hakeem ma da tsaron gida ya fara, saboda haka ban fid da rai ba.

Allah ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.