Ƙibar karen farauta a lokacin damina

A garuruwan gabashin jihar Kano, irin su Kademi da ke ƙaramar hukumar Gaya, farauta aikin rani ce. Da zarar damina ta faɗi, mafarauta kan koma gona, karnuka kuma su zauna gida har bayan kaka.

A wannan tsakani ne kare kan yi ƙiba, idan aka ci gaba da ba shi tuwo gwargwadon yadda ake ba shi sa'ad da yake yini yana gudu a daji.

Kare dai ta hanyar haki yake rage yawancin zafin jikinsa. Don haka mai kitse kan galabaita da wuri a zafin watan Maris da Afrilu, zomo ya tsere masa.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan karnuka 48, ya nuna cewa waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekaru biyu.

Likitocin dabbobi na auna ƙiba ne da hannu: idan aka shafa gefen kare ba a ji haƙarƙarinsa ba sai an danna, to kitse ya yi yawa. Amma tumbi a jikin ramammen kare yakan zama alamar tsutsar ciki.

Maganin shi ne a rage tuwon sannu a hankali, a riƙa tafiya da kare gona, sannan a ƙara masa gudu makonni kafin a koma daji.