Tashar Gari Guda: Tarihin Kuran Daga Bakin Ma'abocin Inji

Duk wanda ya yi aikin lantarki a ƙasar Nijar tun kafin manyan wayoyi su ratsa karkara, ya san cewa sana'armu ta fara ne da garuruwa ɗaiɗai, kowane da injinsa, da tankin gazuwal ɗinsa, da 'yan ma'aikatansa, babu wayar da ta haɗa shi da maƙwabcinsa, tamkar tsibiri a tsakiyar tekun rairayi. A nan Ɗan Gulbi ta ƙasar Dakoro, inda samari suke tambayata yadda al'amarin ya faro, na ga wajibi ne in rubuta abin da na sani, domin ilmin da aka bari a ƙirji yakan bi mai shi kabari.

Asalin abin, a shekarar 1952 aka danƙa wa wani kamfanin Faransawa mai suna Energie AOF sha'anin wutar Yamai. Daga baya SAFELEC ya gaje shi, har zuwa 1968 da hukuma ta kafa NIGELEC. A wancan zamani manyan garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa duk da injinan gazuwal suke samun wuta, kuma man da injinan ke sha daga waje ake jigilarsa, ta hanyoyin da damina kan lalata.

Sai dai mas'alar tashar da ke tsaye ita kaɗai ta fi ƙarfin zancen mai. Kuran, wato wutar lantarki, ba ya jiran kowa: abin da inji ya haifar a wannan daƙiƙa, shi jama'a za su sha a wannan daƙiƙa, ba ragi ba ƙari, kuma mizanin da ke nuna daidaito shi ne bugu 50 a kowace daƙiƙa, wanda galibin injinanmu ke riƙewa da juyi 1500 a minti. Idan mai niƙa ya tayar da injinsa, ko mai walda ya ɗora ƙarfe, alhali tashar ƙarama ce, nan take muryar gurup, wato injin wutar, za ta yi nauyi, fitilun gari su dushe, kuma ƙwararren ma'aikaci yakan gane abin da ya faru da kunnensa tun kafin idonsa ya kai ga allurar ma'auni. Da bazara zafi yana rage wa inji ƙarfi daidai lokacin da mutane suka fi bukatar fanka da ruwan sanyi. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska. In wani ƙarfe ya karye, sai a jira shi daga Yamai. Saboda haka a ƙananan garuruwa da yawa aka riƙa ba da wuta na wasu sa'o'i kawai, mafi yawa daga magariba zuwa tsakar dare, mutane kuma suka tsara karatun yara da cinikin dare bisa wannan ƙa'ida. Ni dai har yau ina ganin babu makarantar da ta kai wannan koya wa ma'aikaci tadbiri da amana, domin wanda ya kwana da inji guda, ya san asibiti da masallaci da kasuwa duk a wuyansa suke, ba ya wasa da canjin baƙin mai.

Akwai kuma wata hikima da ba a cika ambata ba, wato kuɗin wuta ɗaya ne a faɗin ƙasa, ko da yake abin da ake kashewa a tashar Bilma ya ninka na birni. Mai biyan kuɗin wuta a Yamai yana tallafa wa ɗan'uwansa na sahara ba tare da ya sani ba, kuma a ra'ayina wannan adalci ne.

Sannan zamanin dogayen wayoyi ya zo. A 1976 aka ja layi mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kabi zuwa Yamai, aka fara shan wutar madatsar Kainji. A 1981 kamfanin SONICHAR ya fara ƙona gawayin Anu Araren domin ma'adinan Arlit da birnin Agadas. Mu kuwa mutanen tsakiyar ƙasa rabonmu ya zo a 1994, da layin Katsina zuwa Gazawa. Wuta ta yi araha, injuna da yawa suka koma zaman ko-ta-kwana, wasu suka yi tsatsa, kuma da su ilmin kula da su ya fara ja da baya.

Farashin wannan sauƙi ya bayyana a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layukan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasa daga can yake zuwa. Har aka ɗage wannan takunkumi a Fabrairun 2024, yankuna da yawa na ƙasar sun koma halin da ƙaramar tasha ta sani tun fil'azal: a lissafa abin da ke hannu, a raba wa unguwanni bi da bi, a lallaɓa tsofaffin injuna.

Yanzu hasken rana ya shigo sana'ar. An buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, kuma ana haɗa faifan rana da batura da tsohon gurup a tashoshi masu nisa, domin inji ya huta da rana. Garuruwa irin namu, waɗanda gidajensu ke warwatse tsakanin gonaki da makiyaya, ta wannan hanya fa'ida ta fi kusa da su. Amma faifai yana son a share masa ƙura, batir yana tsufa da wuri cikin zafin bazara, kuma na'urar da ke juya wutar rana ba ta gyaruwa da guduma da sifana kamar injinan da muka saba. Kowace irin wannan tasha tana bukatar yaron gari da aka koya wa aikin, aka ba shi albashi, aka ajiye masa kayan gyara a Dakoro ko Maraɗi.