Tarihin Zaɓen 'Yan Wasa a Ƙwallon Amurka da Gardamar Magoya Baya

Wasan ƙwallon da ya fi kowanne farin jini a Amurka ba shi ne wanda sauran duniya ke bugawa da ƙafa ba, wani ne mai kama da zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da shi ko a jefa wa abokin wasa, kuma babbar gasar ƙwararrunsa, wato NFL, tana da wata al'ada da ba a san irinta a gasannin Turai ba. A Ingila ko Sifen ƙungiya mai kuɗi takan sayi duk ɗan wasan da aljihunta ya iya, amma a NFL sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, ake baje sunayen matasan da suka buga wa jami'o'i, sai ƙungiyoyi 32 su riƙa ɗauka bi da bi har zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi a kakar bara ita ke farawa, zakara kuma ta zo ƙarshe. Matsayin da ƙungiya take da shi a wannan layi, wanda za a kira gurbi a nan, kadara ce mai zaman kanta, domin ana iya musayarsa da ɗan wasa, ko da wasu gurabe na bana ko na baɗi. A kan wannan tsari ne miliyoyin magoya baya suke kwana suna tashi da gardama, alhali ba dominsu aka kafa shi ba, kuma har yau ba su da ƙuri'a ko ɗaya a cikinsa.

Asalin al'adar matsalar kuɗi ce ta masu ƙungiyoyi. A farkon shekarun 1930 manyan ƙungiyoyi irin su Chicago Bears da New York Giants da Green Bay Packers su ke kwashe gwanaye, ƙanana kuwa sai abin da aka rage musu. A 1935 an yi rububin wani ɗan wasan Jami'ar Minnesota mai suna Stan Kostka, wanda ya ja ciniki har Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi a kan dala 5,000, kuɗin da a wancan zamani na karayar tattalin arziki ya ɗaga wa masu ƙungiyoyi hankali. A watan Mayun shekarar ne Bert Bell na Philadelphia Eagles, wanda ƙungiyarsa ke shan kashi a fili da kuma wajen ciniki, ya kawo shawarar a riƙa zaɓe bi da bi daga ƙasa zuwa sama, aka kuma amince. Hujjar da aka bayyana ita ce gasa ba ta armashi idan kowa ya san mai cinye ta tun kafin a fara, kuma hujja ce mai ƙarfi. Wadda ba a cika faɗa ba ita ce, matashin da ƙungiya ɗaya tak ke da ikon yi wa tayi ba shi da wani mai taya shi a gefe, saboda haka dole farashinsa ya faɗi.

An yi zaɓen farko ranar 8 ga Fabrairun 1936 a otal ɗin Ritz-Carlton da ke Philadelphia, inda ƙungiyoyi tara suka ɗauki 'yan wasa 81 a zagaye tara, ba tare da 'yan kallo ba. Wanda aka fara ɗauka, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba, domin bayan Eagles ta miƙa wa Bears ikon da take da shi a kansa, ba su daidaita da George Halas na Bears kan albashi ba, sai ya kama harkar kasuwanci. A waɗannan shekaru masu zaɓen kansu ba su san matasan sosai ba, da yawa daga mujallu da shawarar abokai suke tsintar sunaye, har ta kai Washington ta ɗauki Cal Rossi a zagayen farko na 1946 alhali bai cancanci shiga ba tukuna, ta sake ɗaukarsa a 1947, nan ma ya ce ba ya sha'awar wasan ƙwararru. Gyara ya zo a hankali: Los Angeles Rams ta sa Eddie Kotal yawon jami'o'i don duba 'yan wasa da idonsa, Dallas Cowboys kuma a farkon shekarun 1960 ta nemo wani masanin ƙididdiga ɗan asalin Indiya, Salam Qureishi, ya taya ta auna matasa da kwamfuta. Mai goyon baya a duk wannan lokaci sai dai ya ga sakamako a jarida washegari.

Manyan ra'ayoyi biyu da magoya baya ke kai ruwa rana a kansu a yau sun bayyana ƙarara a shekarun 1970, a hannun masu horarwa biyu. George Allen, da ya karɓi Washington a 1971, ya ɗauki ɗanyen matashi a matsayin cinikin biri a sama, don haka ya yi ta ba da gurabe yana karɓo tsofaffin hannu da aka riga aka ga aikinsu, har gasar ta taɓa cin sa tara saboda ya yi ciniki da guraben da ya riga ya bayar. Cikin shekara biyu ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Miami Dolphins ta doke ta da 14 da 7 a Janairun 1973, amma bai kai ga kofi ba, kuma Washington ba ta ɗauki kowa a zagayen farko ba daga 1969 har zuwa 1979. A Pittsburgh kuwa Chuck Noll ya bi hanyar haƙuri. Ya fara da Joe Greene a 1969, wanda mutanen garin ba su ma san sunansa ba, ya biyo da Terry Bradshaw da Franco Harris, sa'annan a 1974 kaɗai Steelers ta ɗauki Lynn Swann da Jack Lambert da John Stallworth da Mike Webster, waɗanda dukansu huɗu daga baya suka shiga zauren karrama gwarazan wasan. Wani ɓangare na sirrin shi ne Bill Nunn, tsohon ɗan jaridar Pittsburgh Courier, wanda ya san jami'o'in baƙaƙen fata da sauran ƙungiyoyi ke rainawa. Kofuna huɗu cikin shekara shida suka biyo baya, kuma tun daga nan masu cewa a gina ƙungiya ta hanyar zaɓe suka sami hujjar da ba sa gajiya da kawowa.

Abin da ya shigo da magoya baya cikin ɗakin zaɓen shi ne talabijin. A 1980 tashar ESPN, wadda ba ta cika shekara da buɗewa ba kuma take neman abin cike lokaci, ta fara nuna zaɓen kai tsaye daga birnin New York, ko da yake a zahiri ba komai ba ne illa karanta sunaye da jiran agogo. A daidai lokacin wani sabon aji na masana ya taso daga cikin 'yan kallo, mutanen da ba su taɓa yi wa wata ƙungiya aiki ba amma suke buga littattafan auna matasa, kamar Joel Buchsbaum na Brooklyn da Mel Kiper na Baltimore, wanda ya shiga ESPN a 1984. Ƙwararrun ba su ji daɗin wannan kutse ba, kamar yadda aka gani a 1994 lokacin da Bill Tobin na Indianapolis Colts ya tambaya a gaban kyamara, cikin fushi, ko wane ne Kiper da har zai soki zaɓensa. Amma bakin alƙalami ya bushe, domin da zarar mutum ɗaya daga waje ya iya jera sunaye ya ce ga wanda ya fi wani, kowa ma zai iya.

Magoya bayan New York Jets, waɗanda a lokacin zauren zaɓen ke garinsu, su suka mayar da ihun ƙin amincewa al'ada. Sun yi wa ƙungiyarsu ihu a 1983 da ta ɗauki Ken O'Brien ta bar Dan Marino, suka sake a 1995 da ta ɗauki Kyle Brady suna kiran sunan Warren Sapp, kuma a duka biyun tarihi ya gaskata su. Ana yawan tuna waɗannan, ba a cika tuna cewa a 1999 magoya bayan Eagles sun yi takakkiya zuwa New York sun yi wa Donovan McNabb ihu saboda Ricky Williams suke so ba, alhali McNabb ne kwatabak, wato jagoran hari mai rarraba ƙwallo, da ya kai su Super Bowl bayan 'yan shekaru. A wannan rana ce dai Mike Ditka na New Orleans Saints ya ba Washington duk gurabensa na shekarar, haɗe da biyu na baɗi, domin ya sami Williams ɗin, ƙungiyar ta ci wasa 3 ta sha kashi a 13, aka sallame shi.

Kafin nan lissafi ya riga ya shiga harkar. A Oktoban 1989 Jimmy Johnson na Cowboys ya sayar wa Minnesota Vikings gwaninsa Herschel Walker a kan tarin 'yan wasa da gurabe, ya sha suka a Dallas, amma da waɗannan gurabe aka samo irin su Emmitt Smith da Darren Woodson, ƙungiyar ta ɗauki kofi uku a kakannin 1992 da 1993 da 1995. A Cowboys ɗin ne Mike McCoy, ɗaya daga masu hannun jari, ya tsara jadawalin da ya ba kowane gurbi maki, na farko 3,000, na 16 kuma 1,000, na 32 kuwa 590, jadawalin da ya bazu zuwa sauran ƙungiyoyi, daga baya ya faɗa hannun kowa. Da aka ba 'yan wasa 'yancin sauya ƙungiya bayan ƙarewar kwantiragi a 1993, aka kuma sa iyakar albashi a 1994, wato adadin da ba a yarda ƙungiya ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta, wanda ya fara daga dala miliyan 34.6 ya kai miliyan 255.4 a 2024, sai gardamar ta sauya kama. Ba a tsaya ga tambayar ko ɗan wasa gwani ne ba, sai an haɗa da nawa zai ci daga kason mutum 53 da ke cikin tawaga.

Binciken da ya fi girgiza wannan fage shi ne na Cade Massey da Richard Thaler, wanda ya fara yawo a 2005 aka buga shi a mujallar Management Science a 2013, kafin Thaler ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017. Sun gano cewa ƙungiyoyi suna tsawwala wa guraben sama daraja fiye da kima, cewa idan aka cire albashi daga amfanin ɗan wasa riba ta fi yawa a guraben da ke ƙasa da na farkon, kuma yiwuwar ɗan wasa ya fi wanda aka ɗauka bayansa a matsayi ɗaya kusan kashi 52 ne cikin ɗari. Misalai ba su yi wuyar samu ba, tunda Ryan Leaf da aka ɗauka na biyu a 1998 bai yi abin kirki ba, Tom Brady kuwa da aka ɗauka na 199 a shekarar 2000 ya ci Super Bowl bakwai. A nan ne ƙarfin bakin mai goyon baya yake. A fili ba zai iya kwatanta kansa da ɗan wasa ba, amma wajen hasashen makomar matashi ɗan shekara ashirin da biyu tazarar da ke tsakaninsa da manajan da ake biya miliyoyi ba ta da faɗi yadda manajan zai so, kuma kowane kuskure a rubuce yake da suna da shekara da lambar gurbi. Ba a ce ra'ayin 'yan kallo ya fi na ƙwararru ba, domin su ma sun fi tuna inda suka dace.

Yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a 2011 ta ƙara wa gurabe daraja, domin ta datse albashin sababbin shiga: Sam Bradford, na farko a 2010, ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara shida, Cam Newton da ya biyo shi ya sami miliyan 22 na shekara huɗu. Kwatabak matashi mai araha ya zama abin da kowa ke nema, har aka wayi gari a kakar 2011 wasu magoya baya suna yi wa ƙungiyoyinsu fatan shan kashi domin su sami kwatabak Andrew Luck a zaɓe mai zuwa, abin da ke nuna lahanin tsarin da yake saka wa na ƙarshe da kyauta. Duk da haka ra'ayin Allen bai mutu ba, domin Rams ba ta ɗauki kowa a zagayen farko ba daga 2017 zuwa 2023, ta yi ta musayar gurabenta da manyan 'yan wasa, ta kuma ɗauki kofi a Fabrairun 2022. Taron kansa ya bar New York a 2015 ya fara zagaya garuruwa, inda a Detroit a 2024 aka ƙiyasta mutum sama da 775,000 cikin kwana uku.

Ɓangaren da gardamar magoya baya ta fi tsallakewa shi ne na matashin da ake zaɓa, wanda ba shi da ta cewa kan garin da zai zauna ko wanda zai yi wa aiki. Kaɗan ne suka iya turjewa, kamar John Elway da ya ƙi Baltimore a 1983 da Eli Manning da ya ƙi San Diego a 2004, kuma duka biyun sun sha zagi daga 'yan kallo. James Smith, wanda ake yi wa laƙabi da Yazoo, wanda Washington ta ɗauka a 1968 kuma raunin wuya ya kawo ƙarshen wasansa a kakarsa ta farko, ya kai ƙara, kotun tarayya kuma ta yanke a 1976 cewa zaɓen ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Abin da ya ceci al'adar shi ne amincewar ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a yarjejeniyar 1977, wadda ta rage zagayen zuwa 12, kuma tun daga nan halaccin zaɓen ya rataya ne a kan irin wannan yarjejeniya, wadda waɗanda suka riga suka shiga gasar ke ƙullawa a madadin waɗanda ba su shigo ba tukuna. Wadda ake aiki da ita yanzu an sa mata hannu a 2020, kuma za ta kai ƙarshen kakar 2030.